Littattafai Biyu a Durowar Kotu

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An sa ranar shari'ar Magini: sha shida ga wata, kuma a ɗakinmu. Kotuna huɗu ne a ginin nan, amma sai da takardar ta zagaya ta faɗo kan teburina.

Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki. Ni ke kiran shaida, ni ke miƙa masa littafi ya rantse. A durowa ta biyu suke kwance: namu na Musulmi cikin koriyar jaka mai maɗauri, na Kirista cikin baƙar fata mai zif. Sai in tambayi mutum, "Wanne?" Ya nuna, in ɗauko. Shi ya sa masinjoji ke kirana Mai Littafi Biyu, wai ranar hisabi duk layin da ya fi sauri shi zan bi. Nakan yi dariya. Ban taɓa buɗe durowar nan ba alwala ba, ko sau ɗaya, kuma ina alfahari da wannan.

Magini maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba mu, shi ma ya gina ta. Kirista ne. Sunansa ne a takardar aikin zauren makarantar da masallacinmu da cocinsu suka haɗu suka kafa, don duniya ta ga muna zaman lafiya. Ba zan rubuta abin da ya faru da rufin ba. Kowa ya sani. Yara suna ciki.

Shugabannin kwamitin ginin biyu ne: Kawu, ƙanin mahaifiyata, daga ɓangarenmu, da Dattijon coci daga nasu. Dukansu za su ba da shaida.

Laraba, 4 ga wata, bayan magariba

Matata ta shiga wurin matar Magini da abinci, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Ta ce matar ta sake maimaita mata zancen: sau uku mijinta ya gaya wa shugabannin nan rodin da aka kawo sirara ne, ba zai ɗauki rufi ba. Da suka matsa, ya kwashe kayan aikinsa ya bar musu wurin. Suka nemo 'yan aikin yini suka zuba kankaren. Sunansa dai ba a cire daga takarda ba.

"Wa ya ji lokacin da ya faɗa?" na tambaye ta.

"Direban da ya kawo rodin. Yana tsaye."

Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta ce amin, tana kallona kamar ni aka aika in kawo ta.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe uku na rana

Kawu ya yi nasiha bayan salla, a kan amana. Da ya zo kan yaran sai muryarsa ta karye, ya cire tabarau ya share ido. Na kusa da ni ya yi ta jan majina. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Kawu ya iya magana. Da ni da ƙannena a gidansa muka tashi, shi ya kai ni makaranta, shi ya riƙe hannuna ya kawo ni ginin nan ranar farko.

Asabar, 7 ga wata, la'asar

Ya aiko a kira ni. Na same shi a falon baƙi, ya sa an rufe ƙofa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, har ta goye. Sannan ya gyara zama.

"Wannan jakar taku ta kotu, ana buɗe ta?"

"A'a, Kawu. Mutum ya riƙe, ya faɗi abin da na faɗa, ya miƙo."

"To ka ga. Ashe ba wanda ya san abin da ke ciki sai kai."

Ya ce shi mutum ne mai tsoron Allah, ba zai iya ɗora hannu a kan Littafin Allah ya faɗi abin da bai cika daidai ba. Haka ya ce, "bai cika daidai ba". Amma in ya faɗi komai, makarantar ta mutu, masallaci ya ji kunya, su kuma waɗancan su samu abin yi mana gori har jikokinmu. Wani littafi mai girman wannan kawai zan nema, na awa ɗaya. Rantsuwa a kan takardar banza ai ba rantsuwa ba ce.

"Kawu, Magini fa?"

"Nasu ne. Su ji da shi."

Da zan tafi ya dafa kaina ya sa mini albarka, yadda yake yi tun ina ƙarami.

Lahadi, 8 ga wata, da safe

Na ji waƙa daga gidan Magini. Matarsa ce ita kaɗai, ba ta je coci ba. An ce matan da ke zama kusa da ita sun canja benci.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wannan sai na rubuta shi, ko don in yi dariya wata rana, in akwai wata ranar.

Dattijon coci ya zo ofis lokacin cin abinci, da kwat ɗinsa da sandarsa. Mutumin da ya taɓa kawo ƙarar lasifikar masallacinmu a wannan ginin. Ya zauna ya ce, "Ɗana, ni da Kawunka mun daɗe muna aikin Allah tare." Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi mahaifiyata da bai taɓa gani ba. Daga ƙarshe ya nuna durowar da sanda.

"Wannan zif ɗin, yana buɗuwa kuwa?"

Dariya ta kuɓuce mini. Ya ɗaure fuska. Ya ce shi dattijo ne a gidan Ubangiji shekara talatin, lamirinsa ba zai bar shi ya riƙe Maganar Allah yana rage zance ba. Na ce masa, "Baba, Magini ai naku ne." Ya ce garke ya fi tunkiya ɗaya, kuma Magini mutum ne mai taurin kai, ko a taron coci ba ya barin magana ta wuce.

Na tambaye shi ko sun yi shawara da Kawu. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda. Shekara da shekaru mutanen nan ba su taɓa yarda da juna a kan ko aya ɗaya ba, yau ga su sun haɗu a kan fatawa guda, kowa daga gidansa.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga ɗakin ajiya yau. Ba wani abu. Tsofaffin kundayen doka ne jibge, asu ya ci wasu, ba mai neman su. Iri-iri ne, manya da ƙanana. Na daɗe a ciki fiye da yadda na yi niyya.

Jakata ta yi nauyi da zan koma gida. Mai gadi ya ce, "Mai Littafi Biyu, yau har da aikin gida?" Na ce masa eh.

Lahadi, 15 ga wata, bayan la'asar

Direba ya zo gida. Dogo ne, baƙi, haƙorinsa ɗaya na gaba ya karye. A sahun baya yake salla kullum, ban taɓa jin ya ɗaga murya a masallaci ba. Ya tsuguna a ƙofar zaure, na yi na yi ya hau tabarma ya ƙi.

"Malam, tambaya na zo yi. Ranar da za a kira ni, akwai wurin alwala a kotun, ko daga gida zan yi?"

Na ce akwai famfo a bayan gini.

Ya ce mutane uku sun same shi, kowa da irin nasa lallashin. Abin da suke so kawai ya ce ya manta. Mai motar da yake tuƙawa ma ya ja masa kunne. "Ni ban yi karatu mai zurfi ba, Malam. Amma ɗan abin da na karanta, an hana ɓoye shaida, ko a kan ɗan'uwanka ne. Ban ga inda aka ce sai in mai gaskiyar namu ne ba. Ko akwai, ni ne ban kai wurin ba?"

Na ce babu.

"To shi ke nan," ya ce, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

A jadawali, Kawu da Dattijo gobe da safe ne. Direba da Magini sai Alhamis. Kwana uku tsakani. Na duba takardar sau huɗu, kwana uku ne.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi alwala kafin in fita ba. Yau ba a buƙata.

Litinin, 16 ga wata, bayan magariba

Kawu ya karɓi koriyar jaka da hannu biyu, ya sumbace ta. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya ce Magini bai taɓa ce musu komai a kan rodi ba, shi ya zaɓa, shi ya zuba. Dattijo ya ɗora tafinsa a kan baƙar fata ya ɗaga ido sama. Kusan kalma ɗaya suka faɗa. Kafin sha ɗaya sun gama.

Sai Alƙali ya dubi agogo ya ce tunda lokaci ya rage, kuma ranar Alhamis yana da taro, a kira sauran yanzu. Babu hutu.

Na tsaya riƙe da takarda. Ya ce, "Magatakarda, kira shaida."

Direba ya nemi izini ya je famfo. Duk kotu ta zauna jiransa. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya goge hannu a riga, ya sake gogewa, sannan ya karɓa. Ya rungume jakar a ƙirji da ƙarfi. Ya faɗi komai: rana, wuri, abin da Magini ya ce, abin da Kawu ya amsa. Lauyan gwamnati ya tambaye shi ko ya iya karatun boko, ya ce a'a. Ya tambaye shi kaurin rodi da lamba, bai sani ba. Aka yi dariya a baya.

Sai Magini. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce, "Wanne?" kamar ban san shi ba, kamar ba shi ya ɗauki matata a mota ranar haihuwar 'yarmu ta biyu ba. Ya yi murmushi ya nuna. Na ɗora masa a hannu. Ya ɗan tsaya, ya ɗaga shi kaɗan, ya dube ni. Sannan ya ce wa Alƙali yana roƙon a bar shi ya buɗe ya karanta wuri ɗaya kafin ya rantse. Yatsansa ya riga ya kama zif.

Ni na yi magana. Ba Alƙali ba, ba lauya ba. Na ce, "Ba a buɗewa. Dokar kotu ce."

Babu wannan dokar. Alƙali ya ɗaga kai, ya ga shekara goma sha tara tsaye a gabansa, ya ce a bi abin da magatakarda ya faɗa.

Magini ya saki zif ɗin. Ya ce, "To, maƙwabci." Ya rantse.

Talata, 17 ga wata, da safe

Na ce wa matata zazzaɓi ne.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Lauyan Magini ya zo karɓar kwafin bayanan zama. Ya gaji, ya zube a kujerar baƙi. Ya ce manya biyu masu furfura, ɗaya daga kowane addini, sun faɗi abu guda. Wa zai ɗauki maganar direba a kansu? "Da zan samu abu ɗaya tak da zai nuna sun shigo da niyyar ƙarya, da na juya shari'ar nan."

Gwiwata na jingine da durowar lokacin da yake faɗa. Na buga masa tambari na miƙa masa takardunsa.

Asabar, 21 ga wata, hantsi

Matata ta hau kujera za ta share saman kabad. Ina tsakar gida na ji tsintsiya ta tsaya.

Da na shiga tana nan tsaye a kan kujerar. Littattafan rantsuwar biyu, na gaskiyar, suna inda na ajiye su, gefe da gefe, cikin tsohon rawanina. Ta buɗe baƙin, ta ga tambarin kotu a shafin farko. Ta mayar ta rufe a hankali.

"Baban yara, me ke cikin durowarka?"

Na ce Kawu ne. Na ce ba ta san abin da Kawu ya yi mini ba. Na ce na awa ɗaya ne, Alƙali ne ya ɓata lissafi. Na ce abubuwa da yawa.

"Su dai sun ɗauka Allah a cikin jaka yake, in an cire shi ba ya ji. Kai ma haka ka ɗauka?"

Ta sauko, ta ɗauki tsintsiyarta. Tun daga lokacin magana ɗaya take yi mini: abinci na nan.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je ƙofar ofishin Alƙali. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Na tuna yarana biyar, da Kawu yana ɗaure mini takalmi ranar da na fara makaranta. Masinja ya wuce ya ce, "Kana neman mai gida?" Na ce a'a, biro nake nema.

Laraba, 25 ga wata, da safe

Na yi alwala na tsaya gaban kabad don in mayar da su. Hannuna ya ƙi tashi. Jiya ma haka.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe uku na rana

An karɓe mota daga hannun Direba. A masallaci sahun baya ya cika maƙil, amma gefensa na dama da na hagu akwai wurin mutum ɗaya-ɗaya. Wai ya tona asirin 'yan'uwa a gaban arna. Na ga wurin. Na wuce gaba.

Bayan salla ya tare ni a wurin takalma, fuskarsa a sake. "Malam, na gode. Tunda na riƙe Littafin nan a ƙirjina na faɗi abin da na gani, wallahi barci nake kamar jariri. Abinci kuma na Allah ne."

Kawu ya yi nasiha a kan haƙuri da jarrabawa.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shekara bakwai aka yanke wa Magini. Ni na ce kowa ya tashi.

A bakin ƙofa Kawu da Dattijo suka rungumi juna, wani ya ɗauki hoto. An ce za a sake gina zauren.

Laraba, 1 ga sabon wata, bayan magariba

Ɗaya ne kawai a saman kabad yanzu. Matar Magini ta ce littafin mijinta yana cikin akwatin kayan aikinsa da aka kwashe, kuma ba abin da yake roƙo a kai masa sai shi. Matata ta hau kujera ta ɗauko baƙin ta ba ta. A gabana ta yi. Tambarin na nan a shafin farko, ta sani, na sani.

To, shi ke nan. Zai gani, zai ba lauyansa. Abin mamaki, na ji sanyi a raina. Na ci abinci har na nemi ƙari. Gara a zo a kama ni da in kai kaina, tunda na gwada na kasa.

Alhamis, 2 ga wata, da safe

Ba wanda ya zo.

Asabar, 4 ga wata, la'asar

Matar Magini ta dawo daga gidan yari. Ta yi sallama, ta ce da ni take son magana. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta kwance gefen zaninta ta ciro takarda a ninke. Shafin farko ne, an yanke shi tsaf daga gindi, da tambarin kotu a tsakiya.

"Ya ce in ba ka a hannunka. Ya ce babu nassi a jikinta, tambari ne kawai, kada ka damu."

Na karɓa. Na ce, "Ya gani ke nan."

"Ya ce tun a kotu ya sani. Shekara arba'in yana ɗaga bulo, hannunsa ba ya kuskuren nauyi. Wanda ka ba shi ya fi na gaskiyar nauyi. Ya so ya buɗe ne don ya tabbata, da ka yi magana kuma sai ya tabbata."

"Me ya hana shi faɗa?"

"Na tambaye shi, har na yi masa ihu a gaban masu gadi. Ya ce in ya faɗa, kai za a kawo inda yake, su kuwa su ce ba su san zancen ba. Ya ce kana da yara biyar, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Ya ce shi ba ga takarda ya rantse ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ya ce maganar taka ce, ba tasa ba. In ka faɗa, to. In ba ka faɗa ba, katanga ba za ta zama gaba ba. Wannan shi ya faɗa. Ni ban faɗa ba."

Ta juya ta tafi. Matata tana bakin murhu, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 5 ga wata, da safe

Kwana talatin ake bayarwa na ɗaukaka ƙara. Shida sun tafi. Takardar tana aljihun rigata. Na san ƙofar Alƙali, taku goma sha biyu ce daga teburina. Na kuma san kaina.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sabuwar shari'a yau, rikicin iyakar fili. Shaidar farko wani tsoho ne, manomi, bai taɓa shiga kotu ba, har ya cire takalmi a bakin ƙofa. Na buɗe durowa na ce, "Wanne?" Ya nuna koriyar. Na miƙa masa, sai ya janye hannu da sauri ya ɓoye a baya.

"Ɗana, ba ni da alwala. Ina ruwa?"

Na nuna masa famfo. Muka zauna muna jiransa.